Inda Tsakuwar Mai Inji Ta Tafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Iyayenmu dattawa, waɗanda suka kafa wannan ƙungiya ta masu sana'a tun muna 'yan kallo. Magatakarda da ma'aji. Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu da ke zaune ta wancan ɓangare. Magina da kafintoci, masu walda da masu gyaran famfo, teloli da makanikai. Maƙwabtan da suka rufe shagunansu suka zo, da waɗanda suka tsaya a bakin taga saboda kujeru sun ƙare. Ina gaishe ku gaba ɗaya, gaisuwar ƙarami ga manyansa.

Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina gode muku da za ku saurari direban tifa, mutumin da bakinsa ya fi sabawa da "matsa can" da "zo, zo, tsaya" fiye da jawabi a gaban dattawa. Idan na yi kwana ba tare da na ba da hannu ba, ku yi mini uzuri, halin sana'a ne.

Domin waɗanda suka shigo a makare, ga abin da ya tara mu. Bayan rasuwar ɗan'uwanmu mai injin niƙa, Allah ya jiƙansa, ƙungiya ta yanke shawarar a zuba daɓen kankare a rumfar da ke ƙofar gidansa, a kafa injin a kai, domin matarsa, Yayarmu da ke zaune can a layin baya, ta ci gaba da sana'ar ta riƙe marayu. Aka ba Baba Sannu-Sannu aikin, tsohon maginin da muka laƙaba wa wannan suna domin ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba, ko da hadari ya haɗo a kansa. Damina ɗaya ta wuce, daɓen ya tsage, gefe guda ya nutse, injin ya karkace, bel ya riƙa fita, har aka kashe shi gaba ɗaya. Yau ƙanena mai walda ya kawo ƙuduri cewa a cire sunan Baba daga cikin maginan da ƙungiya take ba aiki, a ba wani gyaran. Kun kuma san ma'anar wannan ga dattijon da duk aikinsa daga bakinmu yake samunsa. Ranar da ƙungiyarsa ta ce ba ta yarda da hannunsa ba, babu mai sake kiransa ko da gyaran dokin ƙofa.

Maganata guda huɗu ce, sannan roƙo.

Ta farko: mai walda bai yi ƙarya ba. Ina so a fara jin wannan daga bakina. Gani ya kori ji, don haka na ɗauki diga na je da kaina, na fasa kusurwar da ta nutse, na sa hannu a ƙarƙashin kankaren. Tsakuwar da na tarar ba ta wuce kaurin yatsa biyu ba, a wani wurin ma kankaren a kan laka tsagwaronta yake kwance. Wannan ba aiki ba ne, kuma duk maginin da ke cikin ɗakin nan ya sani. Fushin mai walda kuwa fushin ƙauna ne. Shi ake kira duk lokacin da ƙafar injin ta ɓalle, shi yake jawo wayarsa ya zo ya liƙa ba tare da ya karɓi komai ba, shi ya ga yaran gidan suna zaune a kan buhunan da babu mai niƙa su. Wanda ya ga wannan bai yi fushi ba, a duba zuciyarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganar da ta biyo baya, wadda na ji a gidan mai, na ji a wurin wanzami, na ji har a bakin matata: wai Baba ya karkatar da tsakuwar ya kai wani aikin.

Ta biyu: ku ba ni izini in ɗan yi karatu a kan tsakuwa, domin ba za a yi wa mutum hukunci a kan abin da rabin masu ɗaga hannu ba su san amfaninsa ba. Ni ba magini ba ne, amma na tsufa ina sauke wa magina kaya, ina kuma komawa in ga wane daɓe ya rayu, wanne ya mutu.

Jama'a, kankare yana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma ba ya lanƙwasa. Idan abin da ke ƙarƙashinsa ya motsa, shi ba ya bi a hankali, karyewa yake yi. Ƙasa kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Laka tana shan ruwa ta kumbura, rana ta buge ta ta tsuke, kullum cikin numfashi take. Tsakuwa ita ce mai shiga tsakani. Tana raba nauyi ya bazu, tana ba ruwa hanya ya wuce maimakon ya kwanta a gindin daɓe, tana kuma hana motsin ƙasa isa ga kankare kai tsaye. Shi ya sa tambayar "zurfin nawa za a zuba?" ba ta da amsa ɗaya. Kafin magini ya amsa, sai ya tambayi ƙasar, ya tambayi nauyin, ya tambayi ruwan.

Idan ƙasar mai tauri ce, ruwa ba ya kwana a kanta, kuma ƙafar mutum kawai za ta taka, kamar tsakar gida ko baranda, inci huɗu ya wadatar, wato kusan faɗin tafin hannu. Idan ƙaramar mota za ta hau, a kai shi inci shida. Idan kuwa laka ce, ko wurin da aka yi ciko, ko inda ruwan indararo ke zuba, ko kuma abin da za a ɗora mai nauyi ne mai girgiza dare da rana, to kada a yi ƙasa da taƙi guda, inci takwas ke nan, wani lokacin ma a ƙara. Kuma ba a juye ta gaba ɗaya a ce an gama. A fara kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi har a kai ga mai tauri. A zuba rabi, a yayyafa ruwa, a daddaɓe har sai mutum ya taka bai ga sawunsa ba, sannan a zuba sauran a sake daɓewa. A nemi fasasshen dutse mai kaifin baki da ke cije juna, domin tsakuwar rafi mai sulɓi zamewa take yi a ƙarƙashin nauyi. Mai gida yana ganin santsin saman daɓe ya yi murna, ya biya, ya yi addu'a, alhali rayuwar daɓen tana can ƙasa inda ba zai sake gani ba.

Ƙofar Yaya laka ce, indararon gida biyu yana zuba a wurin, injin niƙa kuma kun san yadda yake rawa. Taƙi guda wurin yake so. To, ku ji wannan da kyau: taƙi guda Baba ya yi lissafi. Ni ya kira, ni ya gaya wa, har ya sa na ƙara shebur a kan abin da na saba lodawa, ina gunaguni yana cewa, "Direba, gara ta yi saura da ta gaza." Ni na tuƙo motar, ni na ɗaga bodi na juye a ƙofar gidan. Tulin da na bari a ranar ya kai ƙirjina.

Ta uku, kuma ita ce mai nauyi: ina tsakuwar ta tafi? Ruwa ba ya tsami banza.

Kun tuna siminti bai iso da wuri ba. Aka yi makonni tulin yana zaune a bakin titi, Baba ya tafi wani aiki kafin kaya su cika, ruwan sama kuma ya sauka. Layinmu kun san shi idan an yi ruwa: mai takalmi ya cire ya riƙe a hannu, mai babur ya sauka ya tura. Ni kuwa ina gane tsakuwata kamar yadda tela yake gane ɗinkinsa a jikin mutum, domin dutsen da nake ɗaukowa shuɗi-shuɗi ne, ba irin jan da aka saba gani a nan ba. Bayan da daɓen ya tsage, sai na ajiye mota na bi layin da ƙafa, kaina a ƙasa. Na gan ta a bakin ƙofofi, an shimfiɗa domin a samu wurin taka ƙafa. Na gan ta a gindin famfon da muke ɗibar ruwa. Na gan ta a ƙarƙashin tankin wani, a gaban shagon wani, a ramin da ke karya wa masu baro ƙafa a kwanar layi. Tun daga farkon layin har ƙarshensa, ƙofofin da ban gan ta ba sun fi sauƙin ƙirgawa.

Kada kowa ya sunkuyar da kai, domin ban zo kiran suna ba, kuma babu ɓarawo a cikinmu. Babu wanda ya ɗiba a ɓoye. Kowa sallama ya yi, kowa roƙa ya yi, kowa kuma ba shi aka yi. "Yaya, a ɗan sam mana rabin bokiti, ƙofarmu ta zama tafki." "Yaya, tsohuwarmu ta zame jiya, a taimaka da daro ɗaya." Wane ne zai kalli tuli har ƙirji ya ce bokitinsa ɗaya zai rage shi? Kowa nasa bokitin ya gani, bai ga na maƙwabcinsa ba.

Ba bisa ra'ayin kaina nake fasa wannan magana ba. Yaya ce ta tako har garejinmu, macen da ba ta taɓa shiga wurin ba, ta tsaya a cikin baƙin mai da hayaniya, ta ce in faɗa a madadinta domin ita muryarta ba za ta fita a gaban maza da yawa haka ba. Na tambaye ta, "Yaya, me ya sa ba ki hana ba?" Ta dube ni ta ce, "Ƙanena, da wane bakin? Wanda ya zo da bokiti yau, shi ya ɗauki mijina a kafaɗa ranar da aka kai shi. Wadda ta zo da daro, ita ta kwana uku tana dafa wa 'ya'yana abinci. Tsakuwar ma ai ku kuka ba ni. In ce wa masu ita ba zan ba su ba?"

Mun yi alheri, amma mun ajiye alherin a bakin titi, mun sa mai karɓa ta zama mai gadi. Mun manta cewa wanda unguwa ta yi wa sutura ba ya iya buɗe baki ya ce wa unguwa a'a. Ita kuma ba ta san taƙi ba, ba ta san inci ba. A ganinta tsakuwa ƙawa ce ake yi wa siminti, ko kaɗan ma ta isa.

Ta huɗu: abin da Baba ya yi, da laifin da ke kansa. Safiyar zubi da yawanku kuna wurin. An kawo injin kwaɓa kankare, samari sun taru da shebur da baro, mata sun ɗora tukwane domin masu aiki, kowa yana murna za a share wa marayu hawaye. Baba ya iso, ya dubi tulin da bai kai gwiwa ba, ya daɗe yana dubansa. Ya juya ya ga Yaya a bakin ƙofa riƙe da butar ruwa. Ya matsa kusa ya tambaye ta a hankali, ta gaya masa a hankali, idonta ya cika. A nan hanya ta rabu masa biyu. Ko ya ɗaga murya ya ce tsakuwa ba ta isa ba, nan take a tambayi inda ta tafi, idon layi gaba ɗaya ya koma kan matar da hawayen mijinta bai gama bushewa ba, a ce an ba ta amana ta rabar. Ko kuma ya yi shiru. Sai ya juya ga samari ya ce, "Ku baza." Mutumin da muke yi wa dariya saboda jinkiri, a ranar kafin azahar ya gama.

Da na gano zancen na same shi a gida, na ce, "Baba, kai da ka sa na ƙara shebur, kai ka zuba a kan yatsa biyu?" Ya ce, "Tun ina zubawa na san zai tsage. Na dai yi fatan ya kai yaran su ɗan tasa." Na ce, "To, me ya hana ka faɗa yanzu da ake cin namanka a gari?" Ya ce, "In na wanke kaina, da wa zan shafa wa? Ni tsoho ne, na kusa ajiye cokalin gini. Ita kuwa a layin nan za ta aurar da 'ya'yanta." Ya nemi in yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Na ce masa ban yi wannan alkawari ba, kuma ba zan yi ba.

Ina ƙaunar dattijon nan, kuma saboda ina ƙaunarsa ba zan ce ba shi da laifi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ya leƙo wurin kwana biyu kafin zubi, da ya gani tun da sauran lokaci. Kuma ko a safiyar akwai hanya ta uku da tausayi ya rufe masa ido bai gani ba. Da ya ce ƙasa ta jiƙe da yawa a ɗaga aikin, wa zai musa wa Sannu-Sannu jinkiri? Da ya ja shugaba gefe, ko ya kira ni ya ce, "Direba, ƙaro rabin mota," da babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Ya yi wa Yaya kara, amma ƙasa ba ta san kara ba, ruwa kuma bai san maraya ba. Ya rufa mata asiri na yini ɗaya, ya jawo mata watanni injin yana kashe. Wannan kuskure ne, babba ma. Sai dai ina roƙonku ku bambanta kuskuren da son zuciya ya haifa da kuskuren da taushin zuciya ya haifa. Na farko ana korarsa, domin zai sake. Na biyu ana zaunar da shi a yi masa faɗa, a kuma miƙa masa cokalinsa ya gyara. Laifi tudu ne, in ji magabata, ka taka naka ka hango na wani, mu kuwa namu a zahiri muke takawa kullum da safe idan mun fito daga gida.

Ga roƙona, ranka ya daɗe shugaba.

A bar wa Baba gyaran. A fasa daɓen gaba ɗaya, kada a yi masa faci, domin facin da aka yi a kan laka shekara ba ya kaiwa. A haƙa har ƙasa mai tauri, a karkatar da indararon nan biyu, a zuba taƙi guda hawa biyu, kowane hawa a daɓe shi. Ƙanena mai walda, tunda kai ka fi kowa jin zafin abin, kai za ka riƙe sandar awo. Ka yanko rodi, ka yi masa alama a inci takwas, ka soka a kowace kusurwa da tsakiya, kada a buɗe buhun siminti ko ɗaya sai ka ce ka gamsu. Na tabbata Baba ba zai ji haushi ba, kai ma za ka koyi abin da zai amfane ka ranar da za ka zuba daɓen naka shagon.

Tsakuwa kuma ni zan kawo, amma ba zan ƙara juye ta a bakin titi ta kwana ba. Ranar da za a baza, ranar zan sauke. Daga yau ma ya zama ƙa'idarmu: duk kayan da ƙungiya ta saya wa mabukaci, ɗan ƙungiya ne zai tsare su, kada a sake ɗora wa mai karɓa nauyin cewa a'a. Wadda ke ƙofofinku kuwa ku bar ta inda take. Ta hana tsofaffi zamewa, ta yi aikin lada, ko da ba shi aka aiko ta ba. Idan an gama na Yaya, mu haɗu mu kawo wa layin nasa lodin, mai bokiti ya zo da bokitinsa ba tare da ya roƙi kowa ba.

Wataƙila wasunku sun duba ba su ga Baba a cikin ɗakin nan ba, har sun ce raini ne. Ba raini ba ne. Tun da daɓen ya tsage bai sake bin layinmu ba. Ta bayan makaranta yake zagayawa, da ciwon gwiwarsa, domin kada ya haɗa ido da Yaya. Yau da ƙyar na ɗauko shi. Da muka iso ya kama murfin ƙofar mota ya kasa sauka. Yanzu haka yana can waje a gidan gaba na tifata, hularsa a kan gwiwa. Ya ce mini, "Duk abin da suka yanke daidai ne. Amma kai za ka zo ka gaya mini, kada ka aiko wani."

Saboda haka idan kun ɗaga hannu kun sauke, ku za ku tashi ku tafi gidajenku, ni kuwa zan fita ta ƙofar can in buɗe motar in dubi fuskarsa. Na ɗauki dutse, na ɗauki yashi, na ɗauki ƙarfe, ban taɓa cewa kaya sun fi ƙarfina ba. Iyayena, 'yan'uwana, don girman Allah, ku ɗora mini abin da zan iya kai wa tsohon nan.

Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu mai inji, ya haskaka makwancinsa. Allah ya raya marayunsa, ya sa injin ubansu ya sake tashi su ji ƙararsa. Allah ya saka wa Yaya da ta zaɓi jin kunya a kan a zalunci wani saboda ita. Allah ya huci zuciyar mai walda, ya yi wa hannunsa albarka. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci mai haɗe da rahama, ya rufa mana asiri kamar yadda muke so a rufa mana, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni har na kai tasha. Na gode.